Yadda Gobe-da-safe Ya Riga Jirgi Sauka

Duk layin babu mai kiran telan nan da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Gobe-da-safe ake ce masa, har yaran da bakinsu bai gama buɗewa ba. Shi ya jawo wa kansa. In ka kai masa ɗinki zai karɓi yadin ya ɗaga shi a haske, ya murza, ya shinshina, ya gaya maka cewa tun da aka ƙera allura ba a yi hannu irin nasa ba, sannan ya ce, "Ka dawo gobe da safe." In ka dawo ya sake faɗa maka haka da fara'arsa, kamar yau ya fara.

Amma a yi masa adalci, sauran mutane in sun yi sintiri sun gaji suna samun kayansu. Mutum ɗaya ce ɗinkinta ba ya ƙarewa, ita ce Nas, wadda ke aiki a ƙaramin asibitin bakin kasuwa, take bi ta ƙofar shagonsa kullum da farin takalminta. Ta kawo masa yadi mai santsi, ruwan ƙwai, ta ce doguwar riga take so ta bikin ƙanwarta da za a yi a wani gari. Tun ana cewa biki da saura har aka koma cewa jibi ne, rigar nan tana rataye a ƙusa, ba hannuwa, ba kalmasa.

Kullum Nas za ta leƙo ta ce, "Tela, ina rigata?"

Shi kuma ya miƙe zumbur har ya ture kwalbar man keke, ya karkaɗe mata benci, ya sauko da rigar ya nuna mata wuyan da ya nuna mata jiya. Ta ɗan zauna, su yi maganar zafin gari da wani ciwon baya da babu shi, ta tashi. In ta tafi sai ya daɗe yana kallon inda ta zauna, sannan ya mayar da rigar ƙusa.

Ranar tafiya Nas da gwaggonta za su hau jirgi a ƙaramin filin jirgin da ke bayan gari. Rabin layin suka yi musu rakiya, Mai Aski a gaba, don shi ba a yin abin kallo babu shi. Ɗakin jiran bai fi aji biyu na makaranta ba: kujerun ƙarfe, fanka ɗaya mai kukan ƙyaure, tukunyar furen roba mai fasasshen baki, da wani mai gadi da gashin bakinsa ya kusa kai kunne. A bango akwai ƙatuwar taswira.

Ana gab da kiran fasinja Tela ya faɗo, a motar abokinsa Mai Ƙwai, da leda a hammata. Ya miƙa wa Nas da hannu biyu.

Ta buɗe, ta juya rigar gaba da baya.

"Tela, ina hannuwan?"

"Suna tafe, Malama."

"Suna tafe?" in ji Gwaggo. "Da ƙafa suke zuwa ko su ma jirgi za su hau? Kai ɗan nan, 'yar tawa za ta shiga taro kamar buhun da aka huda wa wuya?"

"Ranki ya daɗe, ɗinki irin nawa ba a yi masa gaggawa. Akwai wanda ya jira hula a wajena har kansa ya..."

"Tela." Nas ce, ba ta ɗaga murya ba. "Sau nawa Gwaggo ta ce in karɓe yadin in kai wa wani, na ce a'a, na yarda da kai. To ka ji. In na tsaya a bikin ƙanwata babu rigar nan, ka daina karkaɗe mini benci. Akwai wata hanyar zuwa asibiti, ta bayan kasuwa. Ita zan riƙa bi."

Ta mayar masa da ledar. Tela ya karɓa ya maƙale ta a hammata. Shi kuwa in tsoro ya kama shi bakinsa ne ke fara gudu. Idonsa ya faɗa kan taswira, ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa ya nufe ta kamar an kawo masa mai neman wando.

A jikin taswirar an ja jan layi miƙaƙƙe daga filin jirginsu zuwa na garin bikin, hanyar jirgi ke nan. Ga kuma titin mota da baƙi, ya lanƙwasa nan, ya kewaye tafki, ya ratsa bayan duwatsu, ya dawo. Tela ya aza tef a jan layin, ya danne da babban yatsa. Ya sake bin baƙin lungu-lungu, harshe a waje. Ya ɗauko alli daga bayan kunne ya yi alama a bango.

"Jama'a, ku zo ku ga cuta! Hanyar jirgi taƙi ɗaya. Titin mota ya kusa uku. Gari ɗaya fa za su je!"

"To sai me?" in ji Mai Aski.

"Sai me? Tattara aka yi wa titin nan. Wanda ya yanka shi bai iya aiki ba, yadi ya yi masa yawa ya rasa inda zai kai shi, ya bi ya cukuikuye. Ku dai kuna ganin jirgi ya fi mota gudu. Ba gudu ya fi ta ba, hanya ya fi ta sani. Ni kuwa rage tattara sana'ata ce."

"Tafkin nan da duwatsun nan fa?"

"Ado ne na mai zane, kada wurin ya yi fayau. Kuma ku duba, su sai an auna musu kaya, an jera su, an ɗaure su a kujera kamar awaki. Kafin su gama wannan na yi rabin hanya." Ya juya ya dafa ƙirji. "Malama, ki hau jirginki. Kina saukowa a can za ki tarar da ni a bakin ƙofa, rigarki a hannuna, da hannuwanta biyu da kalmasarta. A mota zan ƙarasa ta."

Gwaggo ta tafa hannu. "In na sauka na gan ka a bakin ƙofa, ni da kaina zan goya ka a bayana in zaga da kai."

"An ji, jama'a shaida ne."

Nas ta ja jakarta ta wuce. Mai Aski ya gyara zama a ƙarƙashin fanka ya ce shi kam ko shagonsa zai cika da masu gemu ba zai motsa ba sai Gwaggo ta bugo waya ta faɗi yadda aka ƙare. Sauran ma suka nemi kujeru.

Mai Ƙwai mutum ne mai sanyi, wanda ko tuƙi yake yi kamar yana ɗauke da jariri. A bayan motarsa akwai kiret-kiret na ƙwai da zai kai shaguna.

"Mutumina, ni fa ƙwai na sani, ban san jirgi ba."

"Shi ya sa Allah ya haɗa ka da ni. Ƙwanka za su zama ƙwai na farko a duniya da suka riga jirgi. Har 'ya'yan kajin sai sun ba da labari."

Suka ruga shago suka ɗauko keken ɗinki, na takawa da ƙafa, suka cusa shi tsakanin kiret. Suka dawo suka tsaya a ƙarshen katangar filin. Jirgi ya taso da ƙara, ya ɗaga hanci, ya nufi wani baƙin hadari da ya haɗu can nesa. Tela ya miƙa hannu ta kan kafaɗar abokinsa, ya rufe ido ɗaya, ya ja layi da alli a gilashin gaba, daga ƙasa zuwa sama, daidai wutsiyar jirgin.

"Ga hanya. Kada ka sauka daga kan allin nan. Ni in na ja layi almakashi ba ya tambayata dalili."

"Titi ya yi dama fa."

"Titi ya yi ta kansa. Bi alli!"

Mai Ƙwai ya ce bismillah, ya sauka daga kwalta.

Abu na farko da allin ya nuna musu filin ƙwallo ne, ana tsakiyar wasa. Suka shiga ta bayan raga. Alƙalin wasa ya busa usur, 'yan wasa suka watse, mai tsaron gida ya yi tsalle ya kama madubin motar ya faɗi da shi a ƙirji. Ƙwallo ta shigo ta taga ta sauka a kiret na sama.

"Ƙwaina!"

"Na sama ne kawai, ai don haka ake yin na ƙasa. Ba su haƙuri ta taga, ka ce aikin gaggawa ne na asibiti."

"Asibiti?"

"Rigar Nas ce, ƙarya na yi?"

Tela na ta taka keke, ƙafarsa ɗaya a feda, ɗaya ta tokare kiret. Duk ramin da suka faɗa sai allura ta yi tsalle ta sauka inda ta ga dama. Yana ɗinki yana bayani, wai manyan telolin duniya duk a cikin mota suke aiki, girgizar ce ke sa ɗinki ya zauna.

Daga filin ƙwallo suka faɗa bayan wasu gidaje inda aka yi shanya igiya-igiya. Mai Ƙwai ya taka burki, burki ya ce bai san zancen ba. Igiya ta farko ta tsinke, ta biyu ta biyo su, wani zanen gado mai manyan furanni ya shimfiɗe a gilashin gaba ya rufe duniya ruf.

"Ba na gani! Mutumina, ba na ganin komai!"

"Allin kana ganinsa?"

"Shi kaɗai nake gani."

"To me kake nema kuma? Ci gaba!"

Wata mata ta fito da kumfa har gwiwar hannu tana kururuwa. Mai Ƙwai ya murɗa sitiyari hagu don ya kauce wa muryarta, ya murɗa dama don ya kauce wa wata muryar, iska ta kwashe zanen ta cuso shi ta taga, ya sauka a kan Tela da kekensa. Tela bai fasa takawa ba. Ya ce daga cikin zanen, "Hannu ɗaya ya kusa!"

Da gilashi ya buɗe sai ga katanga doguwa a gabansu, ta masu buga bulo. Babu yadda za a yi. Mai Ƙwai ya juya ya bi gefenta, ya bi, ya bi, ta lanƙwasa ya lanƙwasa da ita. Hankalinsa ya tashi, don ya san ya saɓa umarni. Ya saci kallon gilashi. Sai ya saki baki.

"Ikon Allah! Mutumina, ka san wani abu? Duk juye-juyen nan da na yi, layin yana nan a gabana cif. Ko kaɗan bai goce ba."

Tela ya fito da kai daga cikin furanni, ya gyara wuyan riga.

"Shi ake kira gwaninta. Wani telan in ya ja maka layi, ka juya ya ɓace. Nawa bin ka yake yi."

"Kai, ashe da gaske kake."

"Ka taɓa ganin na yi wasa?"

Suka ratsa wani fegi, suka tsallake kwata, suka wuce ta tsakiyar wasu tsofaffi da ke hira a gindin bishiya. Ɗayansu ya ɗaga sanda ya ce, "Ba ku ne kuka wuce ɗazu ba?" Tela ya ce wa abokinsa kada ya kula, tsofaffin ƙauyukan nesa duk motar da suka gani ɗaya ce a wajensu.

Sai lambu. Kore shar, an gama ba shi ruwa. Motar ta shiga da ƙarfinta, ta yi tafiyar kunya, ta durƙusa har cibiya. Kiret suka zame gaba ɗaya suka rungumi Tela ta baya. Aka ji wani sauti mai taushi, mai yawa, wanda ya sa Mai Ƙwai ya kifa kai a sitiyari.

"Inna lillahi. Ka ƙirga mini waɗanda suka rayu."

"Ba lokacin ƙirga ba ne. Ka gode wa Allah yadin ruwan ƙwai ne, ko tabo ba zai nuna ba. Ka ga hangen nesa irin na Malama?"

Wani zakara ya yi tsalle ya hau taga, ya karkata kai ya dubi ɓarnar, ya dubi Mai Ƙwai, kamar wanda ya zo ta'aziyya. Mai lambu kuwa ba ta'aziyya ta kawo shi ba. Ya taho da fartanya a sama.

"Wane marar mafaɗin ne ya shigo mini da mota cikin kabeji?"

Tela ya leƙo, gwaiduwa na bin kunnensa. "Baba, sannu da aiki. Lambunka ne ya shigo hanyar jirgi. Ka duba allin nan da idonka."

"Hanyar me?"

"Jirgin sama. Mu ne reshensa na ƙasa."

"Wallahi yau sai na nome ku!"

Tsoron fartanya ya yi abin da inji ya kasa. Mai Ƙwai ya sa giyar baya ya taka har ƙasa, Tela ya fita ya tura da rigar Nas a maƙale a ƙirjinsa, motar ta fizge ta yi juyi biyu a taɓo kamar mai rawa, ta fito ta wani gefen. Tela ya faɗo ciki ta taga, zakara ya biyo shi.

Da suka samu busasshiyar ƙasa, Mai Ƙwai ya waiga.

"Mutumina, hadarin nan da jirgi ya nufa, ɗazu a gabanmu yake. Yanzu ga shi a bayanmu."

Tela ya waiga shi ma, fuskarsa ta washe.

"Mun wuce shi! Ka ga irin gudun da muka yi? Ko ɗigo bai taɓa mu ba. Da titi muka bi da yanzu muna can muna zagaya tafki."

Bai rufe baki ba suka ji ƙara a sama. Jirgi ne, ƙasa-ƙasa, tayoyinsa a waje, ya bi ta kansu daidai kan allin.

"Ga shi! Mun kamo shi! Sauka zai yi, mun iso! Taka, Mai Ƙwai, taka, kada su riga mu ƙofa!"

Suka bi shi ta cikin ciyawa, suka hau wata kwalta da ta fito musu ba zato, sai ga filin jirgi. Tela ya dira tun mota ba ta tsaya ba, ya rungume rigar a ƙirji, wani dogon ƙyalle mai furanni na jan ƙasa a bayansa.

Yana shiga ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo. Kujerun ƙarfe. Fanka mai kukan ƙyaure. Tukunyar furen roba, har da fasasshen baki. Ya girgiza kai don tausayi.

"Maginin nan awo ɗaya ya iya. Ko ni da nake yanka wando ba na maimaita kuskure haka."

Mai gadi ya tare shi, gashin bakinsa na rawa. "Kai, ba kai ne ɗazu..."

"Labarina har ya iso nan? Madalla. Akwai wani ɗan'uwanka a filin jirgin garinmu, kamar an tsaga kara. Sai dai shi bai kai ka fara'a ba."

Sai ya hango su. Mai Aski a ƙarƙashin fanka, da sauran 'yan layi, kowa ya juyo ya zuba masa ido. Tela ya ja da baya, ransa ya ɗan ɓaci.

"Ku kuma ta ina kuka biyo? Layina kuka sata ko?"

Mai Aski ya dube shi tun daga ɓawon ƙwan da ke kansa har taɓon da ke ƙafarsa. Ya haɗiye dariya da ƙyar.

"Shi muka bi, Tela. Layinka babu na biyunsa. Yi maza ka tsaya a ƙofa, ga su nan fitowa."

Tela ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga haɓa. Fasinjoji suka fara shigowa, kowa fuska a murtuke. Ga Gwaggo tana fifita da mayafi, ga Nas a bayanta.

"Barka da sauka, barka da hanya!" Muryarsa ta cika ɗakin. "Malama, ya gajiyar tafiya? Ni na daɗe da isowa har na fara gyangyaɗi. Gwaggo, ranki ya daɗe, a juyo mini bayan, jama'a shaida ne!"

Gwaggo ta tsaya cak. Ta buɗe baki ke nan lasifika ta yi tari ta fara magana. Ana ba fasinjoji haƙuri. Saboda hadari da iska a garin da aka nufa, jirgi ya kasa sauka, ya juyo da su gida. Tafiya sai gobe da safe.

Mai Aski ne ya fara dariya, ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa yana dukan cinya.

"Gobe da safe! Wayyo cikina! Tela, har jirgi ka koya wa sana'a?"

Tela ya juya a hankali ya dubi taswirar bango. Ga alamar allinsa nan, da shatin babban yatsansa.

"Wannan... ai kowane filin jirgi..."

Ƙofar waje ta buɗe. Matar shanya ce ta fara shigowa, kumfar hannunta ko bushewa ba ta gama yi ba. Sai mai lambu da fartanya. Sai alƙalin wasa da usur a baki, da mai tsaron gida rungume da madubi.

"Ga shi nan! Ga zanen gadona a jikinsa!"

"Baiwar Allah," in ji Tela da 'yar muryar da ta rage masa, "tun daga can kuka biyo mu da ƙafa?"

"Can ina? Ga gidana nan bayan katanga, ina jin lasifikar nan daga madafina! Sau biyu kuka wuce ta ƙofata!"

Dariya ta sake ɓarkewa, har mai gadi ya jingina da bango. Gwaggo ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "To ɗan nan, ka riga jirgi zuwa inda ya tashi. Kawo rigar mu gani, ko ita ta yi hankali."

Tela ya miƙa rigar. Nas ta kama ta ja. Tela ya biyo. Ta sake ja, ya sake matsowa. Aka duba, ashe tun daga wuya har ƙasa ya haɗa gaban rigar Nas da gaban tasa rigar ya ɗinke, ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana, irin wanda ba ya farkewa. Hannu ɗaya ya fito daidai. Ɗayan kuwa da zanen gado aka yi shi, ya kai tsawon mutum biyu, zakara na tsaye a ƙarshensa.

"Sabon yayi ne," in ji Tela, amma ko shi bai ji abin da ya faɗa ba.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannun da ya fito daidai tana duba ɗinkin.

"Tela, wannan a cikin mota ka yi shi, a cikin rami da taɓo, kuma ya yi kyau haka. To watannin nan da kake zaune a shago lafiya lau, me ya hana?"

Mai Ƙwai ne ya amsa daga baya, yana riƙe da ƙwai ɗaya da ya tsira, shi da ba a taɓa jin ya yi doguwar magana ba.

"Malama, ni dai yau na yi asara, bari in faɗi gaskiya in huta. Hannuwan nan ya ɗinka su ya fi a ƙirga. Yana hango farin takalminki sai ya farke. Ya ce in ya gama, me zai sa ki ƙara leƙowa?"

"Ƙarya ne!" in ji Tela. "Zaren ne... zaren ba shi da..."

"Au," in ji Gwaggo, ta ja kalmar ta yi tsawo. "Au, haka ne?"

Matar shanya ta sassauta riƙon zanenta. Mai lambu ya sauke fartanya. Nas ta sunkuyar da kai tana kallon takalmin da ake magana a kansa, ta daɗe, gefen bakinta na motsi.

Gwaggo ta ce, "A kawo almakashi a raba su."

"A'a, Gwaggo. In aka yanka a tsaye yadin zai lalace. Sai an zauna an warware da allura, ɗaya bayan ɗaya." Nas ta ɗago. "Kuma ni na gaji da masu ce mini gobe da safe, na sama da na ƙasa. Mota za mu hau yau. Tunda rigar ba ta rabuwa da shi, sai a tafi da shi, ya zauna kusa da ke yana warwarewa."

Tela ya farfaɗo nan take. "Madalla! In dai hanya ce, Malama, bari in ja wa direban..."

Ta miƙa hannu ta zare allin daga bayan kunnensa ta jefa a jakarta.

"Ta titi, Tela. Mai lanƙwasar nan, ta bakin tafki da bayan duwatsu. Kada a rage mata tattara ko ɗaya."

"Ai ta yi tsawo, Malama. Ta kusa ninka ta jirgi uku."

"Na ji lokacin da kake aunawa."

Sai da aka yanke wa matar shanya zanenta, Tela ya yi alkawarin gyara shi, da sabuwar riga ga mai lambu, da labule ga Mai Ƙwai, duk suka haɗa baki suka hana shi faɗin ranar karɓa. Sannan aka fito, Gwaggo a gaba, Nas na riƙe da gefen rigarta, Tela na biye dole, 'yan layi na tafi a bayansu.

A bakin ƙofa ya rage murya, yadda yake zaton Gwaggo ba za ta ji ba.

"Malama, in an dawo daga biki... in mutum yana so ya je ya gaida Baba a gidanku... yaushe zai ji amsa?"

Nas ta gyara jakarta a kafaɗa, ba ta dube shi ba.

"Ka dawo gobe da safe," in ji ta.